Hattara da mai sayar da kibod a zaurukan WhatsApp

Dubu 28. Ga dubu 3 kuɗin mota. Dubu 31 ke nan na tura wa mutumin nan, kuma har yanzu kibod ɗin ko harafi ɗaya bai rubuta min ba. Allah ya isa!

Kada wani ya ce ban san kaya ba. Shekara tara ina buga wa ɗalibai takardu, kuma na san abin da na nema: Logitech K380, mara igiya, mai madannai zagayayyu. Da Bluetooth yake aiki, yana haɗuwa da na'ura uku, ka danna F1 kana kwamfuta, ka danna F2 ka koma waya, batir biyu ƙanana ne abincinsa. K380 ɗin nan mutumin ya nuna min a bidiyo, wallahi shi. Yana dannawa, rubutu na fitowa a wayarsa. Ya ce, "Yallaɓai, ni da kai ai amana ce, guda biyu suka rage." Wannan "amana" ita ke hana ni barci. Sau uku na kalli bidiyon kafin na tura dubu 28 ɗin.

A'a, kuɗin motar ma na fara turawa, tun ranar Talata. Ko Laraba. Zan duba.

Da na buɗe kwalin a tasha, sunan kamfanin takarda ce aka manna, da farce na ɓare ta. Na sa batir, na yi ta neman sa a Bluetooth, shiru. Mai gyara ya juya bayan kibod ɗin ya ce ai wannan irin mai ɗan makullin nan ne da ake sokawa a ramin USB, tun daga masana'anta ake haɗa su, kowanne da nasa. Makullin kuma babu shi a kwalin. K380 na gaskiya ba ya ma zuwa da makulli!

Na kira wanda ya sayar min, ya ce wai direba ne ya yar da makullin. Na sake kira, ya toshe ni. Dubu 31, ana tsakiyar biyan kuɗin makarantar yara.

Kada ku tura ko sisi sai kun haɗa kibod da wayarku da hannunku.

Hotunan hirarmu da rasit duk suna nan, da bidiyon. Zan ɗora su da daddare in an kawo wuta.