Sharhi kan kwas ɗin yoga na kwana 28 a Rishikesh: salsalar da aka tallata mini ba ta haɗu ba

Sai da na yi wata huɗu da dawowa daga Indiya kafin na zauna rubuta wannan sharhi, domin ban so in rubuta shi cikin zafin rai har in zalunci wanda bai yi mini laifi ba. Makarantar da nake magana a kanta tana unguwar Tapovan a garin Rishikesh, jihar Uttarakhand, a kan tudun da ke fuskantar kogin Ganga, kuma ɗaya ce daga cikin ɗimbin makarantun da ke horar da malaman yoga na sa'o'i 200 a cikin kwana 28. Ba zan kama sunanta ba. Duk wanda ya taɓa neman irin wannan kwas ya san kuɗin da ake karɓa, ya kuma san yadda canjin naira ya mayar da shi, don haka ba sai na tsaya a kan wannan ba.

Aikina gashin ƙashi ne a wani asibiti a Kano, kuma mafi yawan waɗanda nake dubawa masu ciwon baya ne da ƙugu da wuya. Na daɗe ina ganin suna kwaikwayon motsin yoga daga bidiyon waya suna ƙara wa kansu ciwo, shi ya sa na yanke shawarar in je in koyi abin daga tushensa. Abin da ya sa na zaɓi wannan makaranta a kan sauran jimla ɗaya ce a shafinsu na intanet. Sun rubuta cewa koyarwarsu ta zo ne ta hanyar parampara, wato salsala daga malami zuwa almajiri wadda ba ta taɓa yankewa ba tun zamanin littattafan Veda, tsofaffin nassosin addinin Hindu, kuma shugaban makarantar ya karɓi ilmin hannu da hannu daga Swami Sivananda, wani shahararren malamin yoga da ya zauna a garin. Ni kuwa a gidan da ake daraja ijaza na tashi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba ya karantar da littafi a zaure sai ya faɗi wanda ya karanta shi a gabansa, da wanda shi ma wancan ya karanta a gabansa. Don haka da na ga mutanen wani addini suna da irin wannan kiyayewa, sai na ji amana ta shiga zuciyata, na biya kuɗin ba tare da dogon bincike ba.

Ɗakin kwana da abinci ba ni da ƙorafi a kansu. Garin ba a cin nama a cikinsa, na kuma san da haka tun kafin in tafi. Tun ranar farko na gaya musu cewa ni Musulmi ne, ba zan shiga bikin kunna wuta da ake buɗe kwas da shi ba, ba kuma zan rera addu'o'insu ba, kuma babu wanda ya takura mini a kan haka. Ina sallata a ɗakina cikin natsuwa. Wannan haƙƙinsu ne in faɗa.

Matsalar ta taso ne a rana ta tara. A bangon ɗakin darasi akwai hotuna huɗu da aka jera daga sama zuwa ƙasa, kowanne da furanni a wuyansa: zanen Adi Shankara, wani babban malamin Hindu na zamanin da, sai Swami Sivananda, sai Tirumalai Krishnamacharya, sai shugaban makarantar. Kowace safiya malamin motsa jiki, saurayi ne da bai kai shekara talatin ba, yana nuna su yana cewa ga salsalarmu. A daren rana ta takwas shugaban ya zo ya yi mana jawabi, wanda shi ne karo na farko da muka gan shi, kuma a cikin hira ya faɗi da bakinsa cewa shekarunsa 48. Na koma ɗaki lissafin ya hana ni barci. An haifi Sivananda a 1887, ya yi aikin likita a Malaya, ya zo Rishikesh ya rungumi rayuwar gudun duniya a 1924, ya kafa ƙungiyar Divine Life Society a 1936, sannan ya mutu a watan Yuli na 1963. Cibiyarsa tana nan a garin, da ƙafa ma ana zuwa daga inda muke. Ke nan an haifi shugabanmu fiye da shekara goma bayan mutuwar mutumin da aka ce ya karɓi ilmi daga hannunsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san cewa da shekarar haihuwa da ta rasuwa ake fara gwada isnadi, kuma idan biyun ba su yi zamani ɗaya ba, to akwai wanda ya faɗi a tsakani.

Washegari bayan darasi na jira mutane suka ragu, na tambayi saurayin cikin ladabi, na ce: "Malam, wane ne ke tsakanin shugabanmu Guruji da Swami Sivananda?" Ya ce babu kowa. Na kawo masa shekarun. Ya yi shiru, sannan ya ce in tambayi ofis. A ofis wata mata ta ce mini karɓar ta ruhi ce, Sivananda ya bayyana ga shugaban a cikin zurfin tunani ya ba shi izini. Na ce mata ba zan yi jayayya da abin da mutum ya yi imani da shi a zuciyarsa ba, amma a shafinsu "hannu da hannu" aka rubuta, kuma a kan wannan kalma na biya kuɗi na baro iyalina. Sai ta ce ni ne ɗalibi na farko da ya taɓa yin wannan tambaya, kuma yawan tambaya alama ce ta zuciyar da ba ta buɗe ba. Wannan magana ita ce ta fi yi mini ciwo a tafiyar gaba ɗaya, domin an mayar da neman gaskiya ya zama aibi a kaina.

Da na ƙara duba hotunan sai na ga ashe jerin ma kansa bai yiwuwa. Sivananda ɗan tsarin masu gudun duniya ne da ake danganta kafuwarsa ga Shankara, masu sunaye goma, shi ya sa sunansa ke ƙarewa da Saraswati, ɗaya daga cikin goman. Krishnamacharya kuwa, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989, magidanci ne mai mata da 'ya'ya, mabiyin wata mazhabar daban ta masu bautar Vishnu, kuma a Maisur ya koyar a shekarun 1930 ƙarƙashin kulawar sarkin garin kafin ya koma Chennai. Sa'o'in juna ne, shekara ɗaya ce tsakaninsu, kuma babu wanda ya yi almajirci a wurin ɗan'uwansa. Almajiran Krishnamacharya sanannu ne: B.K.S. Iyengar da ya zauna a Pune, da Pattabhi Jois a Maisur, da Indra Devi, da ɗansa Desikachar wanda ya buɗe cibiya da sunan mahaifinsa a Chennai a 1976. Kowane ɗayansu an san shekarun da ya yi a gaban malaminsa. Abin da makarantarmu ta yi shi ne ta ɗauko manyan sunaye daga gidaje daban-daban ta rataye su a ƙusa ɗaya, tamkar mutum ya haɗa shehunnan ɗariƙu biyu a salsala guda don kawai duka sun yi suna.

A wannan rana na yi niyyar tattara kayana. Abin da ya tsayar da ni wani dattijo ne da ke koyar da falsafa da rera Veda na sa'a ɗaya bayan la'asar, wanda ko hotonsa babu a shafin makarantar. Mutumin kudancin Indiya ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Kowa Panditji yake kiransa, ni kuma Baba nake ce masa, kuma ya karɓi sunan da fara'a. Da na yi masa irin tambayar da na yi wa saurayin, bai ɓata rai ba. Ya ce shi Yajurveda, ɗaya daga cikin littattafan Veda, ya haddace, reshen Taittiriya, a gaban mahaifinsa tun yana yaro, ya faɗi sunan mahaifin da ƙauyensu, da malamin mahaifin, da malamin wancan, ya tsaya a mutum na huɗu ya ce daga nan sunaye sun ɓace masa, ba kuma zai ƙirƙira ba. Sannan ya ƙara da abin da ban zata zan ji a cikin ginin ba: shi ba shi da salsala a motsin jikin da ake koya mana da safe, kuma waɗannan motsin ba a cikin Veda suke ba.

Daga bakinsa na fahimci abin da na zo nema. Ya bayyana cewa littafin Patanjali a kan yoga, wanda kowa ke jingina da shi, gajerun jimloli ne 195 ko 196 bisa saɓanin kwafi, kuma uku kacal ne a cikinsu suka yi magana a kan zaman jiki, abin da suka nema kuwa shi ne zaman ya kasance tabbatacce kuma mai sauƙi. Zaman jiki mataki na uku ne a cikin matakai takwas, bayan kame kai daga cuta da ƙarya da sata, da kuma tsarkin hali. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 nau'in zama 15 ya siffanta, kuma marubucinsa ya fara ne da jero sunayen malaman da suka gabace shi. Jerin motsin gaishe da rana da muke yi kowace asuba, wanda ni nake zama gefe idan an zo kansa, Baba ya ce wani sarkin masarautar Aundh ta Indiya ne ya yaɗa shi a wannan siga a shekarun 1920 zuwa 1930. Bai faɗi wannan don ya rage darajar yoga ba; cewa ya yi abu sabo yana iya zama mai amfani, amma bai halatta a sa masa rigar tsufa don a sayar da shi ba.

Ya bar ni in zauna in saurari rerawarsa ba tare da na furta komai ba, kuma a nan na ga abin da ake nufi da parampara ta gaske. Kowace gaɓa tana da muryarta, ta sama ko ta ƙasa ko mai gangarowa, kuma idan ɗalibi ya kuskure ɗaya sai ya tsayar da shi ya maimaita har sai ta zauna. Ya nuna mana yadda ake haddace nassi ɗaya ta hanyoyi da yawa, kalma-kalma, sannan bibbiyu, sannan a saƙa su gaba da baya, don kada ko harafi ya zube a tsawon zamani. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada a jerin gadon ɗan'adam a 2008. Ban yi imani da abin da yake rerawa ba, shi ma ya san da haka, amma na gane ƙwazon, domin irinsa na gani a wurin gardawan da ke tilawa da dare a tsangaya. Saboda wannan dattijo na kammala kwas ɗin, kuma har a cikin jirgin dawowa ina ganin makarantar ta cancanci tauraro uku daga biyar.

Sai dai yanzu da na buɗe littafin da na riƙa rubutu a ciki, na ga abubuwan da alherin Baba ya sa na so in manta. A mako na biyu saurayin ya sa aji mai mutum kusan talatin tsayuwa bisa kai, ba tare da ya tambayi ko akwai mai hawan jini ko ciwon ido ko matsalar ƙashin wuya ba. Takardar lafiyar da muka cike ranar farko na tabbata bai karanta ba, domin wata baiwar Allah daga Turai da ta rubuta cewa tana da ciwon wuya ita ma an ɗaga ƙafafunta sama, kuma ta yi kwana uku ba ta iya juya kai. Ni na duba ta da dare, ni na ce ta daina zuwa darasin. Haka aka koya mana riƙe numfashi mai tsawo a rana ɗaya ga kowa da kowa. Daga baya saurayin ya gaya mini da kansa cewa shekara biyu da suka wuce ya gama wannan kwas ɗin da muke yi, a wannan ɗakin. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da aka ba shi ne yake bayarwa. Amma a nan ne maganar salsala ta wuce batun hotuna a bango: Krishnamacharya a shekarunsa na Chennai mutum ɗaya-ɗaya yake koyarwa, yana duba shekarun mutum da ƙarfinsa da ciwonsa, kuma wanda ya zauna shekaru a gaban irin wannan malami ba zai kifar da mai ciwon wuya a kan kansa ba.

Sannan ga abin da ya faru a mako na ƙarshe. An sanar da cewa duk mai son shiga salsalar a hukumance zai ƙara wani kuɗi, shugaban ya raɗa masa kalmar zikirinsu a kunne ya kuma ba shi sabon suna. Ni dama addinina ya hana ni, don haka ban shiga ba, amma na ga mutane goma sha ɗaya sun biya, wasunsu suna hawayen farin ciki, suna ganin an haɗa su da Sivananda da Shankara. Na ji nauyin shirun da na yi a ranar, kuma har yanzu ina jin sa. Shugaban sau biyu kawai muka gan shi a kwana 28, ranar jawabi da ranar karɓar wannan kuɗi.

Takardar shaidar da aka ba ni tana ɗauke da sa hannun shugaban da jimlar cewa na yi karatu a cikin salsalar Veda da ba ta yanke ba. Sunan Baba, wanda shi kaɗai ne ya koya mini abin da zan iya dogara da shi, ba ya ko'ina a jikinta. Ban rataye ta a wurin aiki ba kuma ba zan rataye ba, domin idan majinyaci ya tambaye ni daga wa na karɓa, ba ni da amsar da zan ba shi in ji daɗi. Abin da nake amfani da shi a yanzu motsi ne kaɗan masu sauƙi na ƙugu da baya da numfashi a hankali, waɗanda na auna da ilmin aikina na ga ba su da haɗari. Tauraro biyu na ba su, kuma duka biyun na dattijon ne. Na rubuta wa ofishinsu sau biyu, ban nemi a mayar mini da kuɗi ba, na roƙi kawai su cire kalmar "hannu da hannu" daga shafinsu su kuma riƙa karanta takardun lafiyar ɗalibai. Ba su amsa ko ɗaya ba, kuma da safiyar yau da na duba shafin jimlar tana nan yadda take.