Cragside: gidan da ruwa ya fara kunna wa fitila

Ranar Asabar muka kama hanya daga Newcastle da ke arewacin Ingila, ni da mai ɗakina da yaranmu biyu, zuwa Cragside, gidan William Armstrong da ke kusa da garin Rothbury. Tafiyar kusan awa guda ce a mota. Aikin lantarki nake yi, shi ya sa na daɗe ina ƙwallafa rai a kan gidan nan, wanda shi ne na farko a duniya da aka haska da wutar da ruwa ya samar.

Armstrong lauya ne tun asali. Ya shekara goma da 'yan kai yana aikin kafin ya ajiye, ya kafa masana'anta a unguwar Elswick da ke Newcastle a 1847, yana ƙera injinan ɗaga kaya masu aiki da ƙarfin ruwa. A 1887 ya shiga majalisar dattawan Birtaniya.

Falukan alfarma ban daɗe a cikinsu ba. Kicin ne ya riƙe ni. Sandar gasa nama ruwa ke juya ta, lif ɗin da ke ɗaukar kaya zuwa sama shi ma ruwa ne. A ɗakin karatu muka tarar da wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai. Ɗana ya tambaye ta ina janareta yake. Ta rusuna daidai tsawonsa, ta yi masa bayanin yadda ruwan tafki ke gangarowa daga tudu ya juya inji, da yadda aka saka ƙwayayen fitilar da Joseph Swan ya ƙirƙiro a 1880. Ba ta yi gaggawa ba ko kaɗan. Wallahi wannan kaɗai ya biya ni kuɗin shiga.

Abu ɗaya bai bar zuciyata ba. Dukiyar da ta gina gidan, ta dasa itatuwa wajen miliyan bakwai, mafi yawanta daga igwa da jiragen yaƙin da masana'antar Armstrong ta riƙa ƙerawa daga baya ta fito. Ina kallon aikin ina sha'awa, ina kuma tuna waɗanda makaman suka faɗa wa.

In za ku je, ku sa takalmi mai kama ƙasa, don wurin duk hawa da gangara ne, kuma ku fita da sassafe. Mu sai yamma muka isa injin da aka kafa a 2014, wanda yake haska gidan yanzu, yara kuwa sun riga sun gaji. Za mu koma da bazara, daga can za mu fara.