Asabar Shida a Tsaunukan Niyu Gini: Ra'ayina Kan Ajin Al'adu na Wani Ɗakin Karatu a Kaduna

A ƙarshen damina wani ɗakin karatu mai zaman kansa da ke Unguwar Rimi ya buɗe aji na manya, wanda ake zama kowace Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana, aka kuma keɓe zangon farko gaba ɗayansa ga al'adun mutanen tsaunukan Melanesiya, wato ƙabilun da ke zaune a tsakiyar tsibirin Niyu Gini, arewa da Ostireliya. Ni malamin darasin zamantakewa ne a makarantar sakandare, kuma na daɗe ina jin kunyar yadda nake tsallake wannan yanki na duniya idan ɗalibai suka nuna shi a taswira. Na biya naira 15,000 kuɗin zama shida, ban yi fashi ko sau ɗaya ba, don haka ina da bakin faɗa wa mai niyyar shiga abin da zai tarar.

Game da wurin, maganar ba ta da yawa. Ɗaki ne matsakaici mai kujerun roba da fanka biyu, ba mu kai mutum ashirin ba, kuma akwai majigi da ake haska hotuna a bango. Sau biyu aka ɗauke wuta ana tsakiyar darasi, aka ɓata kusan rabin awa kafin janareta ya tashi, ba a kuma rama mana lokacin ba. Ana ba da ruwan sanyi, amma babu inda za a ajiye mota sai bakin titi.

Abin da ya sa kuɗin bai tafi a banza ba shi ne malamin, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa a jami'a. Tun ranar farko ya faɗa mana cewa bai taɓa taka ƙasar Papuwa Niyu Gini, wadda take gabashin tsibirin, ba, duk abin da zai kawo daga karatu ya samo shi, kuma wannan gaskiyar ta sa na ƙara sakin jiki da shi. Bai fara da hotunan mutane masu fenti a fuska ba, kamar yadda na yi zato. Da gona ya fara. Ya nuna mana fadamar Kuk da ke kusa da garin Hagen, inda masu tonon tarihi suka gano alamun kunyoyi da magudanan ruwa da ke tabbatar da cewa ana noman gwaza da ayaba a wurin tun kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, dalilin da ya sa UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Daga nan ne ya kawo labarin 1933, shekarar da wasu Turawan Ostireliya masu neman zinariya, 'yan gidan Leahy, suka shiga kwarin Wahgi suka iske shi cike da gonaki da jama'a, alhali hukumar mulkin mallaka tana ɗaukar tsakiyar tsibirin a matsayin duwatsun da babu kowa. Ya ce duk wanda ya fara sanin mutum a matsayin manomi ba zai yi saurin kiransa ɗan daji ba, kuma na ga amfanin wannan tsari a makonnin da suka biyo baya.

Zama na biyu ya tafi ne a kan dukiya. A tsaunukan, dankali shi ne abincin yau da kullum, suna kiransa kaukau, kuma da shi ake kiwon aladu, waɗanda su ne shanun mutanen wurin: da su ake biyan kuɗin aure, da su ake biyan diyya, da su ake sayen girma. Tare da su akwai bawon wata dabbar teku mai sheƙi da ake yankawa kamar jinjirin wata, ana ce masa kina, kuma sunansa aka ba takardar kuɗin ƙasar a 1975, shekarar da ta sami 'yancin kai. A nan malamin ya tuna mana cewa kalmarmu ta kuɗi ma jam'in wuri ce, sai kowa ya yi murmushi. Ya bayyana musayar da mutanen Melpa na yankin Hagen suke kira moka, inda mutum yake mayar wa abokin hulɗarsa fiye da abin da ya karɓa, a bainar jama'a, domin ƙarin nan shi ne yake ɗaga sunansa, shi kuma wancan ya shiga bashin da zai biya da nasa ƙarin. Babu sarauta ta gado a wurinsu. Babban mutum shi ne wanda ya iya magana, ya iya tara aladu daga dangi da surukai, ya kuma iya rabar da su. Wata hajiya da ke zama a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai wannan bikinmu ne na mata, ki kawo mini dubu biyar ranar suna, in kai miki dubu goma ranar auren 'yarki." Malamin ya amsa da cewa, "Hajiya, kin rage mini aikin rabin awa."

Zama na uku da na huɗu su ne zuciyar zangon, domin a nan aka shiga maganar yadda yaro yake zama namiji. A da, a yawancin tsaunukan, maza suna kwana a gida guda nasu na daban, mata kuma kowace tana ɗakinta da 'ya'yanta ƙanana da aladunta. Imanin da ke ƙarƙashin wannan rabuwa shi ne cewa yarinya tana girma da kanta, amma yaro ba ya zama namiji sai an yi masa aiki, saboda jini da abincin uwa da ke jikinsa suna hana shi ƙarfi. A wurin ƙabilar Gahuku-Gama ta kewayen garin Goroka, a da ana ɗauke yara maza daga hannun iyayensu mata a kai su rafi, a cusa musu ganye mai kaifi a hanci har su yi haɓo, a kuma koya musu haɗiye wata sanda mai lanƙwasuwa don su yi amai, duk da nufin fitar da abin da suke ɗauka gurɓataccen jini ne. Na ga wasu a ajin sun yamutsa fuska, sai malamin ya tambaya cikin natsuwa ko akwai wanda kakansa bai taɓa zama gaban wanzami an yi masa ƙaho don a cire mataccen jini ba. Bai ce abu ɗaya ba ne, kuma bai yabi al'adar ba. Ya nuna ne kawai cewa akwai tunani a bayanta, ko da tunanin ya saɓa wa ilmin likita da kuma addininmu.

Lokacin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya kashe majigin ya kunna mana sautin sarewar gora da ake busawa bibbiyu, ɗaya tana kira ɗaya tana amsawa. Gahuku-Gama suna kiranta nama, kuma a da ana gaya wa mata da yara cewa kukan wani tsuntsu ne, sai ranar da aka shigar da yaro cikin maza ake nuna masa cewa baffanninsa ne suke busawa, a kuma gargaɗe shi cewa tona asirin babban laifi ne. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wani magidanci ɗan kudancin Kaduna, wanda bai cika magana ba, ya ce a ƙauyensu ma kakanninsu suna da dodo wanda muryarsa take fitowa da dare, mata su shige ɗaka, kuma yaro ba ya sanin yadda abin yake sai an kai shi kurmi. Malamin ya bar shi ya yi magana son ransa, bai katse shi ba, kuma a ganina wannan minti goman ya fi wasu darussan da aka tsara.

An kuma nuna mana cewa ba kowace ƙabila take zubar da jini ba. Samarin ƙabilar Huli na yankin Tari suna keɓe kansu a daji ƙarƙashin wani malami da ake biya, su nisanci mata da abincin da mace ta dafa, su riƙa yayyafa wa gashinsu ruwan da aka yi wa surkulle, su kwanta da wuyansu a kan itace don kada gashin ya kwanta, har kimanin wata 18, sannan a aske shi a saƙa hular gashi da ake ƙawata ta da gashin wani tsuntsu da hotonsa ke kan tutar ƙasar. A lardin Enga kuwa a da akwai al'adar da ake kira sangai, inda samari suke shiga daji na 'yan kwanaki, su wanke idanunsu a ruwan marmaro, su kula da wani tsiro da ake duba lafiyarsa don a gane halin mai shi, dattawa su fassara mafarkansu, sannan su fito cikin ado a gaban 'yan mata. Wani ya kwatanta wannan da sharo na Fulani, amma malamin ya ce a yi hattara, domin sharo gwajin jarunta ne a fili, sangai kuwa tsarkakewa ce a ɓoye. Na ji daɗin yadda yake karɓar kwatance idan ya dace, ya kuma ƙi shi idan bai dace ba.

Inda ajin ya gaza shi ne ɓangaren mata, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Bayan awa huɗu a kan samari, abin da aka faɗa game da 'yan mata bai wuce minti ashirin ba: ana keɓe yarinya a bukka idan ta fara al'ada, tsofaffin mata su yi mata nasiha, a yi walima, shi ke nan. Alhali shi da kansa ya gaya mana cewa mata ne suke noman dankalin, su suke kiwon aladun da maza suke yin suna da su a fagen moka, su ne kuma suke saƙa jakar zare da ake kira bilum, wadda ake ɗaukar amfanin gona da jariri a cikinta. Da hajiyar ta tambaya ko matan sun yarda da gaske cewa tsuntsu ne yake kukan, sai ya ce yawancin masu binciken farko maza ne kuma da maza suka zauna. Amsar gaskiya ce, amma ba ta isa uzuri ba, tunda daga baya mata masu bincike irin su Marilyn Strathern sun zauna da matan Hagen sun yi rubutu mai yawa a kansu, kuma ko shafi ɗaya na aikinsu bai shigo takardunmu ba.

Zama na ƙarshe, wanda aka ware wa halin da ake ciki yau, an yi shi a gurguje. An ambaci cewa zuwan mishan da makarantun boko ya kashe yawancin waɗannan bukukuwa, cewa kofi ya zama amfanin gonar da ake sayarwa, cewa akwai ma'adinin zinariya a Porgera da iskar gas a Hela, cewa kuma faɗan ƙabilanci da a da ake yi da kwari da baka yanzu da bindiga ake yinsa. An haska hotunan bikin Goroka, wanda aka fara a 1957 kuma ake yi a watan Satumba, inda ƙabilu suke fitowa da adonsu. Sai dai tambayar da na zo da ita, wato me yake mayar da yaro namiji a yau da gidan mazan ya rushe, ba a taɓa ta ba sam. Kalmar wantok, wadda a Tok Pisin, harshen gama-gari na ƙasar, take nufin wanda kuke yare ɗaya kuma haƙƙinsa yake wuyanka, a ƙasar da ke da harsuna sama da 800, ta cancanci zama guda nata, amma a jimla biyu aka wuce ta.

Takardun darasin ma suna buƙatar gyara. Fotokwafi ne na Turanci zalla, hotunan sun yi baƙi ƙirin har ba a bambance fuska da hular gashi, alhali da Hausa ake koyarwar kuma akwai waɗanda Turancinsu bai kai ba. Na roƙi a turo mana hotunan ta WhatsApp, aka ce za a turo, har yau shiru.

Duk da haka zan sake biya idan aka buɗe zango na biyu, kuma na riga na ba abokan aikina biyu shawarar su shiga. Wanda zai je ya tafi da littafin rubutunsa, domin abin da ke bakin malamin ya fi abin da ke takardun nesa ba kusa ba, ya kuma isa da wuri ya kama kujerar gaba, saboda dattijon ba ya ɗaga murya, kuma da zarar janareta ya tashi na baya ba ya jin komai.