Tayar tsere a kan titin yau da kullum: abin da na gani da tayoyin ajin 200

Motata ƙarama ce, da ƙafafun baya take turawa, nauyinta bai kai kilo 1,300 ba. Ita nake hawa zuwa aiki, ita nake kaiwa filin tsere a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida su je su zaga. Rim huɗu kacal gare ni, saboda haka taya ɗaya ce za ta yi aikin biyu. Na ɗaura mata 225/45R17 daga cikin tayoyin nan da ake rubuta wa TREADWEAR 200 a gefe, kuma sai da na ci su suka kusa ƙarewa kafin na ce uffan a kansu.

Ajin nan yana da 'yan gida da yawa: Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Hankook Ventus RS4, Falken Azenis RT660. Kowacce da halinta, amma jininsu ɗaya, kuma abin da zan faɗa halin ajin ne gaba ɗaya. Lambar 200 ɗin daga tsarin gwamnatin Amurka ta fito, inda ake gwada cinyewar taya a titunan jihar Texas a kwatanta da wata tayar ma'auni mai lamba 100. Sai dai kamfani ne ke buga wa tayarsa lambar da kansa. Da ƙungiyoyin tsere irin su SCCA ta Amurka suka ce sai mai lamba 200 ko sama za ta shiga rukunin motocin titi, sai kamfanoni suka shiga rige-rigen yin roba mafi danƙo da za ta iya ɗaukar wannan lamba. Kada mutum ya ga 200 ya ɗauka za ta yi masa kashi biyu cikin uku na rayuwar mai 300, irin Michelin Pilot Sport 4S. Lissafin ba haka yake tafiya ba.

A filin tsere, ba ni da ta cewa sai yabo. Zagayen farko tana ɗan sanyi, amma kafin a gama na biyu ta kama ƙasa. Kwanar da a da nake shiga taya na kuka, gaban mota na zamewa waje, yanzu sitiyari kawai nake karkatawa mota ta bi. Abin da ya fi burge ni ma birki ne. Akwai wata doguwar miƙaƙƙiya da ke ƙarewa da kwana mai tsanani, a da tun daga allon da ke nuna saura mita 150 a isa kwanar nake taka birki, da wannan taya sai na wuce allon 100 hankalina kwance. Gefen tayar yana da tauri, ba ya lanƙwashewa, shi ya sa duk abin da ƙafar gaba take yi kana jin sa a tafin hannunka.

Amma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin iska ne. In ka shiga fili da iskar da aka rubuta a jikin ƙofar mota, zafi zai ɗaga ta da psi 6 zuwa 8 (psi shi ne ma'aunin iskar taya), tsakiyar taya ya kumbura, mota ta fara yawo kamar ba ita ba. Ni nakan sauke ta zuwa wajen 27 tana sanyi, in fita, in dawo in sa geji tun tana zafi, ina neman 33 ko kusa da haka. Geji a aljihu yake wuni. Da yamma kuma dole a mayar da iskar kafin a hau titi, don da ta huce za ta faɗi ƙasa da inda ya kamata. Wanda ba shi da ɗan famfo a but ya nemi guda kafin ya nemi tayar.

Ko da iskar ta yi daidai, a rana mai zafi ba ta riƙe ƙarfinta tsawon minti 20 ɗin da ake ba kowane rukuni. Zagaye na uku da na huɗu su ne gwal. Daga nan sai roba ta yi zafi fiye da kima, bayan mota ya fara santsi, sai ka sassauta zagaye guda ta sarara. An san RS4 da jure zafi da daɗewa, an san A052 da kamu mai ƙarfi tun daga farko, to mai saye ya san wanne yake nema.

Inda aikin biyu ya fara cin karo shi ne wajen alaimen, wato saitin tsayuwar ƙafafun mota. A fili, nauyin mota duk a kafaɗar waje ta ƙafar gaba yake sauka. In ƙafafun a miƙe suke yadda aka saita su don titi, kafaɗar nan za ta narke ta cinye alhali cikin tayar sabo fil. Maganin shi ne kamba, wato a kwantar da saman ƙafar ciki, digiri 2.5 zuwa 3 a gaba. Na yi hakan, kuma a fili cin ya daidaita. To amma titi miƙaƙƙe ne, kwana biyar na mako kana tafiya ne a kan gefen ciki. Ranar da bakanike ya ɗaga motar ya juya sitiyari ya ce in leƙa, daga waje taya na da sauran zane, daga ciki kuwa wani siririn layi mai faɗin yatsa biyu ya yi sumul. Ka rage kamba fili ya ci waje, ka ƙara titi ya ci ciki. Taura biyu ce, ba ta taunuwa lokaci guda. Abin da ya ɗan taimaka shi ne sa ƙafafun gaba su kalli gaba sak, ba su tsuke ba, ba su buɗe ba, da kuma juya tayoyin gaba zuwa baya bayan kowace fita.

Akwai kuma asarar da ido ba ya gani. Duk lokacin da robar nan ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri. Wuni guda a fili zafi da sanyi ne sau da yawa, doguwar tafiya a babban titi ma tana ƙara nata. Kafin zanen ya ƙare, danƙon ya riga shi tafiya. Na lura da haka a agogo: mota ɗaya, fili ɗaya, amma lokacin zagaye yana ta ƙaruwa, kuma in na danna farce a robar ba ta nutsewa kamar da. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin kuɗin danƙo na biya, kuma mafi yawansa a cunkoson hanyar ofis ya ƙare, inda ba ya amfana mini komai.

A titi kuwa, busasshiyar kwalta ba matsala. Ƙara ce dai, wani gurnani da ke farawa daga kilomita 60 a awa ya yi ta ƙaruwa yayin da taya ke tsufa, sai ka rantse boris ne ya lalace. Tana tsintar tsakuwa ta yi ta watsa wa madigadi, tana bin duk wani tsagi da manyan motoci suka bari a kwalta, kuma kowane ɗan rami sai ƙugunka ya sani. Waɗannan duk ana sabawa.

Ruwan sama ne ba a sabawa da shi. Sabuwar tayar ajin nan zurfin zanenta wajen milimita 5 zuwa 7 ne, ta titi kuwa kusan 8, kuma hanyoyin fitar da ruwan kaɗan ne. Tana sabuwa, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kawai, ta ba ni mamaki, tana kamawa sosai. Kwantaccen ruwa ne abokin gabarta. Da zanen ya sauka wajen milimita 3, na taɓa shiga wani ruwa da ya kwanta a babban titi ina kan kilomita 90 a awa, sitiyari ya yi sakayau a hannuna na ɗan lokaci, motocin da ke gefena kuwa suka wuce abinsu. A Turai da wurare da yawa doka ta yarda da taya har zuwa milimita 1.6, amma wannan tun kafin nan ta daina zama tayar ruwa. Sanyi ma haka: ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius robar tana sandarewa, a kusa da daskarewar ruwa kuwa tana iya tsagewa.

Sabon shiga fili ba zan ce ya fara da ita ba. Tayar titi tana kuka tun kafin ta saki, ta koya maka inda iyaka take. Wannan ba ta cika surutu ba, tana rufa wa kuskurenka asiri, kuma ranar da za ta saki kana cikin gudun da ya fi na da. Ƙarin kamun kuma a kan birki yake sauka, don haka a sa kuɗin takalmin birki da man birki mai jure zafi a cikin lissafi.

Wanda ke zuwa fili sau ɗaya ko biyu a shekara, tayar ajin 300 ta ishe shi, zai rasa 'yan daƙiƙoƙi ya samu kwanciyar hankali a ruwa. Wanda ke zuwa kusan kowane wata, tayar 200 ta cancanci kuɗinta, amma a kan rim ɗinta daban. Ni abin da zan yi ke nan: zan sake sayen irinta, in ɗaura a rim na biyu, in riƙa sauyawa daren da za a fita. Kuma zan duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefenta kafin in biya, don su ke nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 1224 na nufin mako na 12 na 2024, kuma wadda ta daɗe a sito ba zan karɓa ba ko da rangwame.