Ma'aunin girgiza ko kyamarar zafi

Injiniya, ka tambaya wanne za ka saya don duba lafiyar injuna, ma'aunin girgiza ko kyamarar zafi. Duka biyun ina da su, kuma ma'aunin girgiza nake ce maka ka saya.

Nawa ɗan ƙarami ne, mai maganaɗisu da ake mannawa a gidan boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sandar inji (shaf) ke juyawa a cikinsa. Akwai wani famfon ruwan sanyaya injuna da nake aunawa duk mako, mai kilowat 55, ina rubutawa a littafi. Wata da watanni girgizarsa tana wajen milimita 2 a daƙiƙa. Rannan sai na ga 3.1, bayan mako biyu 4.2. Na ɗora hannu, ba zafi. Na kasa kunne, ba wata baƙuwar ƙara. Amma a ƙa'idar duniya ta auna girgizar injuna da na bi a lokacin, ISO 10816-3, inji mai wannan girman da aka kafa a kan tushe mai ƙarfi, in ya wuce 2.8 ya fara ciwo, in ya haura 4.5 ɓarna ta zo. Muka jira ranar da ba aiki muka kwance shi. Har yau ina ganin boris ɗin nan a idona: hanyar ƙwallayen duk ta yi rami-rami kamar an caccaka da allura, giris ya yi baƙi ƙirin da burbushin ƙarfe. Kafin azahar mun ɗaure mun tayar. Da ya cije ana tsakiyar aiki, da har shaf ɗin ya tafi da shi.

Kyamarar kuwa, ban ce ba ta da amfani ba, tana kama wayar da ta saki a akwatin wuta. Sai dai kafin boris ya yi zafin da za ta gani, aikin gama ya gama, ga shi ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ta.

Ka yi hattara da 'yan kasuwa. Wasu takardar gwajin daidaito ɗaya suke kwafa su saka a kowane kwali, don haka ka duba lambar jikin na'urar ta yi daidai da ta takardar. Kada ka biya sai ka manna ta a injin da ke aiki, wuri ɗaya sau uku. In adadin yana tsalle, ka miƙa wa mai sayarwa kayansa.

Idan ka saya, ka ɗiga fenti a inda za ka riƙa mannawa, ka auna a kwance, a tsaye, da ta tsawon shaf, ka rubuta da kwanan wata.