Duma ko Soso: Wanne Ya Fi Dacewa da Ƙaramin Fili?

Wani ɗan'uwa ya ce yana da ɗan fili a bayan ɗaki, kuma yana neman sanin wanda ya fi masa tsakanin duma da soso. Malam, faɗin filin naka ne zai raba gardama.

Wajen shuka kusan tafiyarsu ɗaya. Irin kowannensu yana da ɓawo mai tauri, saboda haka a jiƙa shi kwana ɗaya, sannan a sa ƙwaya 2 ko 3 a ramin da aka zuba wa ruɓaɓɓen takin gargajiya, da zarar damina ta kankama a watan Yuni. Sukan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14, kuma an fi so a shuka su inda za su zauna, domin ba su cika jure dashe ba.

A yaɗo ne suke rabuwa. Duman da ake fafe ƙwarya ko masaki da shi yana da nauyi, a ƙasa yake kwanciya, kuma tushe ɗaya kan cinye filin da zai ishi kayan miya, ga buƙatar shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa don kada danshi ya ruɓar da gindinsa. Soso kuwa danga ko katanga ta ishe shi, sama yake bi ya bar maka ƙasa. Duman ludayi da na gora suna tsakani, domin idan aka yi musu rumfa mai ƙwari suka rataya, wuyansu yakan fito a miƙe.

Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke yi masa barbara, don haka inda waɗannan ƙwari suka yi ƙaranci yakan zubar da 'ya'ya, sai an ɗebi garin furen namiji bayan magariba an shafa wa na macen, wato mai ɗan ƙullutu a ƙarƙashinsa. Furen soso rawaya ne, da safe yake buɗewa, ƙudan zuma sun ɗauke maka wannan aiki.

A ganina soso ya fi dacewa da filinka. Idan kuwa duma kake so, ka tsaya a kan nau'i ɗaya, domin ludayi da masaki suna barbarar juna, irin da za ka ajiye ya fito ba wannan ba wancan. Kada kuma ka tsinke shi sai mariƙinsa ya bushe, bayan wata 4 zuwa 5, domin wanda aka cire ɗanye yanƙwanewa yake yi.