Makarantar Gindin Itace: Wasiƙa Daga Ingila Zuwa Katsina

Yaya Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da dukan mutanen gida na Ƙofar Marusa. A saƙonka na baya ka nemi in rubuto maka dalla-dalla yadda ake koyar da ƙananan yara a nan Ingila, tun da ka ce abin da ya fi damun ka a makarantar da kake shugabanta shi ne yadda 'yan aji ɗaya da aji biyu suke sulalewa gida da zarar an tashi tara. Na jinkirta amsar ne domin ban so in ba ka labarin ji-ta-ji-ta ba. Sai da na nemi izinin bin ajin 'yata ƙarama, wadda yanzu take aji ɗaya, a matsayin uba mai taimakawa, aka binciki takarduna ta hannun hukuma kamar yadda ake yi wa duk wanda zai kusanci yara, sannan na yi makonni shida ina fita tare da su kowace Alhamis da safe. Gani ya kori ji, don haka abin da zan faɗa maka yawancinsa da idona na gan shi.

Bari in fara da tsarin kansa a taƙaice. Yaro yana shiga ajin share fage a watan Satumba bayan ya cika shekara huɗu, ya shiga aji ɗaya yana da shekara biyar. Doka ta hana a tara wa malami guda fiye da yara 30 a waɗannan ƙananan azuzuwa. Makarantar gwamnati kyauta ce, kuma ita ce ke ba da littafin rubutu da fensir da littafin karatun da yaro zai zo da shi gida. Tun daga shekarar 2014 ake ba 'yan ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu abincin rana kyauta, ba tare da an duba arzikin iyayensu ba. Mu ma dokarmu ta 2004 ta ce ilimin shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne, amma kai ka fi ni sanin yawan kawunan da kake ƙirgawa a aji guda, da yawan waɗanda ke zuwa da safe cikinsu babu komai.

Abin da na fi so in daɗe a kansa shi ne wanda suke kira makarantar daji. Asalinsa ba na Ingila ba ne. A ƙasar Denmak da maƙwabtanta aka daɗe ana fitar da ƙananan yara waje su wuni cikin itatuwa, ko ana ruwa ko ana sanyi. A shekarar 1993 wasu malaman renon yara na kwalejin Bridgwater da ke yankin Somerset suka kai ziyara Denmak, suka ga yadda ake yi, suka dawo suka fara gwadawa, daga nan abin ya yaɗu har ya shiga makarantun firamare na gwamnati. Tunanin ma ya girmi haka, domin tun a 1840 wani malami Bajamushe mai suna Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara, yana ganin yaro kamar shuka ne da ake bi a hankali. A yau malamin da zai jagoranci wannan darasi sai ya yi kwas na musamman ya karɓi takardar shaida, ya kuma iya ba da taimakon gaggawa idan yaro ya ji rauni.

Kada sunan ya ruɗe ka, Yaya. Dajin da ake magana a makarantar 'yata wani ɗan lungu ne a bayan filin ƙwallo, wanda bai kai rabin gonar Baba ta hanyar Jibiya ba, mai itatuwa kaɗan da ɗan kududdufi da aka kewaye da shinge, da kututturan da aka jera da'ira domin zama. A ranar da na fara zuwa ana yayyafi, ƙasa duk ta yi caɓi, ni kaina ina rawar ɗari, amma ba wanda ya kawo maganar fasa fita. Malamar ta zaunar da yaran a kan kututturan, ta sa su maimaita ƙa'idojin wurin da bakinsu: ba a ketare da'irar wuta, ba a kai komai baki sai an tambaya, sanda idan ta fi hannu tsawo jan ta ake yi a ƙasa. Sannan ta fito da wani ɗan ƙarfe da 'yar auduga, ta durƙusa da gwiwa ɗaya, ta goga, tartsatsi ya faɗa, audugar ta kama. Da na matsa kusa na duba sai na ga ƙyastu ne, irin wanda Kaka yake ajiyewa a 'yar jakar fata tare da abdugarsa, sai dai wannan a kanti ake sayo shi. 'Yata ta yi ta gogawa har yatsunta suka yi ja, ba ta samu ba a makon farko, ba ta samu ba a na biyu, kuma malamar ba ta karɓa ta yi mata ba. A mako na uku wutar ta kama, yarinyar ta ɗago ta dube ni da wata irin fuska da ban taɓa ganin ta dawo da ita daga cikin aji ba.

Da farko na ɗauka wasa ne kawai, har na yi niyyar yi wa malamar ƙorafi cewa ana ɓata wa yara safiya guda a kowane mako. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne yadda na ga an ɗaura karatun aji a kan abin da aka gano a waje. Kowane rabin zango, wato kimanin mako shida, ajin yana da aiki guda da yake bi daga farko har ƙarshe. Na bazara a kan wake ne da kwaɗi. Kowane yaro ya shuka ƙwayar wake a cikin kofin roba mai nuna ciki, yana ganin saiwa tana sauka, yana auna tsiron da rula duk Litinin yana rubuta tsawonsa, daga baya aka haɗa lambobin kowa aka yi lissafin wane ya fi wane da nawa. An ajiye kofi ɗaya a cikin kabad mai duhu, wani kuma aka hana shi ruwa, aka bar yaran su faɗi abin da suke zato zai faru kafin su gani. A kududdufin kuma sun bi ƙwan kwaɗo har ya zama talibambam. Duk wannan sun zana shi, sun rubuta shi da 'yan jimloli masu kurakurai, kuma a ƙarshen zango aka gayyaci iyaye, kowane yaro ya tsaya ya yi bayanin nasa. Lissafi da rubutu da kimiyya da iya magana a gaban mutane duk sun shiga cikin ƙwayar wake guda, kuma yaron bai san an raba su darasi-darasi ba.

Yanzu ga maganar kaya da kuɗi, wadda na san ita za ka fara tambaya. Darasin kansa ba a biyan ko kwabo a makarantar gwamnati, amma iyaye ne ke sayen rigar ruwa da wandon ruwa da dogon takalmin roba, kuma yaro yana girma ya bar su cikin shekara guda. Kayan suna da inganci, ruwa ba ya ratsa su, sai dai idan ka juya kuɗinsu zuwa naira za ka ga sun sayi abincin gida na kwanaki. Don haka makarantar ta tanadi akwati inda iyaye ke zuba waɗanda suka yi wa 'ya'yansu kaɗan, mai bukata ya ɗauka ba tare da an tambaye shi ba, kuma wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai. Kayan aikin malama kuwa ba su da yawa: igiya, tamfol, gilasan ƙara girman abu, 'yan wuƙaƙen fere dankali da yara ke fere sanda da su, da akwatin magani. Idan ka cire gilasan, babu abin da ba za ka samu a babbar kasuwar Katsina ba. Abin da yake da tsada a gaskiya shi ne mutane, domin ba a fita da yaran sai da manya uku ko huɗu, kuma a nan ne Ingila ta yi mana nisa.

Ba zan ɓoye maka abin da bai gamsar da ni ba. Ba kowace makaranta ce ke da wannan tsari ba, kuma a inda ake yi ma sau da yawa safiya ɗaya ce a mako, wani lokaci na 'yan makonni kawai a shekara, saboda malamai suna ƙarƙashin matsin gwaji. A ƙarshen aji ɗaya kowane yaro yana zama da malami ya karanta kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana domin a ga ko ya iya haɗa baƙi da wasali, ana son ya samu 32. Saboda haka kada wani ya ce maka Turawa sun bar haɗa baƙi sun koma wasa da laka, domin kullum da safe ana yin sa. Na biyu, dalilin da ya sa suke bukatar wannan darasi abin tausayi ne: yaran nan da yawa a cikin ɗaki suke rayuwa, daga mota sai waya sai talabijin, a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma ba a barin yaro ya yi yawo shi kaɗai a unguwa. Na ga yaro ɗan shekara shida da bai taɓa riƙe tana a hannunsa ba. Na uku, duk wannan kallon halitta ana yin sa ba tare da an ambaci Mahalicci ba, sai mu iyaye mu cike a gida da kuma makarantar yamma ta masallaci, wadda biya ake yi.

Wannan ne ya sa nake ganin abin da suke saye da kuɗi da takardar shaida mu da shi muka tashi. Kafin ka sa ni a aji ɗaya na san kuka da tsamiya da aduwa da magarya da kanya, na san wadda ake miya da ganyenta da wadda ake kunu da 'ya'yanta, na san ramin kunama da na gyare. Abin da ya faru shi ne makarantar boko ta ajiye wannan sani a bakin ƙofa, ta zaunar da yaro yana maimaita sunayen 'ya'yan itatuwan da bai taɓa gani ba. Ka tuna a zamaninmu akwai gonar makaranta da darasin aikin hannu, ana saƙa faifai da igiya da tsintsiya, har aka wayi gari yara suna kawo kuɗi a maimakon abin da suka yi da hannunsu, daga nan darasin ya mutu.

Na san kalmar daji a yau tana da nauyi a kunnen mutumin Katsina. Bayan abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da halin da garuruwan da ke gefen dajin Rugu suke ciki, babu uban da zai yarda a fita da ɗansa bayan gari, ni ma ba zan yarda ba. Don haka shawarata ita ce kada ka fita daga harabar makaranta, kuma kada ka kira shi da wannan suna. Manyan bedin nan da ke gaban ofishinka sun isa aji. A raba yara gida biyu, rabi suna ciki da malami, rabi suna gindin itace da wani, a yi da sanyin safiya kafin rana ta take, musamman a watan Afrilu da Mayu. A nemi dattawan unguwa, manomi ko mai lambu ko maƙeri, su zo su taimaka na sa'a guda, domin sun fi kowane littafi sanin ƙasar nan, kuma zuwansu zai rage ƙarancin manyan da na ambata.

Aikin da na fi sha'awar ka fara da shi shi ne renon dashe. Kowane yaro ya kawo ledar fiya wata da aka shanye, a cika ta da ƙasa da taki, a saka ƙwayar bedi ko zogale ko tsamiya, ya riƙa ba ta ruwa yana auna ta da tsinken da aka yi wa alama idan babu rula, yana rubuta kwanan wata da tsawo. Idan ruwa ya sauka a watan Yuni sai a dasa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a rubuta sunan yaron a jiki. A yanke wuyan gorar roba a kafa ta a fili domin auna ruwan sama, 'yan aji uku su riƙa rubutawa a allo. Jiharmu tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada, kuma ina ganin yaron da ya reni itace guda tun tana ƙwaya zai fahimci wannan shiri fiye da wanda aka karanta masa shi. Ga kuma gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wanda gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Tambayar dalilin haka kaɗai ta isa ta riƙe aji shekara guda, kuma da na ba malamar 'yata labarinsa sai ta roƙe ni hotonsa domin ta nuna wa ajinta.

Saboda haka ina roƙon ka sa ɗaya daga cikin yaran gida ya ɗauko mini hoton gawon nan na gonar Baba yanzu, a sake ɗaukar wani idan damina ta yi tsakiya, daga wuri guda, domin a ga bambancin. Ni kuma na sayi gilasan ƙara girma guda ashirin da ƙyastu biyu, zan ba wani abokin aikina da zai zo gida hutu ya kawo maka. Ƙyastun ka riƙe a hannunka, kada a ba yara sai malami yana tsaye a kansu. Idan kun fara, ka rubuto mini ko yaran da ke sulalewa bayan tara sun fara tsayawa domin ba dashensu ruwa. A gaishe da Hajiya da kyau, a ce mata jikarta ta iya kunna wuta irin ta Kaka.

Ƙanenka,
daga arewacin Ingila.